Yadda Jagoran Wasan Labari Zai Riƙe Raha Ba Tare da Ta Kori Mata Daga Tebur Ba

Wasan labari na kan tebur, irin Dungeons & Dragons da dangoginsa, wasa ne da mutum huɗu zuwa shida suke zama su saƙa labari tare. Kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi guda wanda yake magana da yawunsa, mutum ɗaya kuma shi ne jagora, wanda yake bayyana duniyar da ake ciki, yake ara wa sarakuna da dodanni da 'yan kasuwa murya, sannan yake yanke hukunci idan an jefa dayis, wato ɗan abin nan mai fuskoki da lambobi da ake jefawa don a ga sa'a. Wanda ya taɓa zama a irin wannan tebur ya san cewa dariya ta fi faɗa da dodanni cin lokaci, kuma mayun wasan suna da rumbun barkwancinsu wanda na waje ba ya ganewa sai an yi masa bayani. Abin da yake ba jagora wahala shi ne wani sashe na wannan barkwanci an tara shi ne a zamanin da kusan babu mace a tebur, saboda haka idan aka kwaso shi yadda yake aka kawo wa ƙungiyar da ta haɗa maza da mata, kowa zai dara, amma sau da yawa a kan mutum ɗaya dariyar take sauka.

Ya kamata jagora ya fara da sanin inda ba'ar ta samo asali, domin yawancinta ba 'yan wasan yau suka ƙirƙira ba. Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da Dungeons & Dragons a 1974 a ƙarƙashin kamfanin TSR da ke Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka, kuma wasan ya tsiro ne daga wasannin yaƙi na 'yan ƙananan gumakan sojoji, waɗanda kusan duk masu yin su maza ne. A 1976 mujallar kamfanin, The Dragon, ta buga wata maƙala ta Len Lakofka wadda ta ba da shawarar a cire wa jarumai mata makin kwarjini a ba su makin kyau, su riƙa amfani da shi wajen yaudarar maza. Littafin 'yan wasa na 1978 ya ƙayyade ƙarfin jikin jaruma mace 'yar Adam a kan 18/50, alhali namiji yana iya kai wa 18/00, wanda shi ne ƙololuwa a wancan lissafi, kuma duk wannan a cikin duniyar da dodanni suke hura wuta, matattu kuma suke tashi idan an yi musu tsafi. Littafin jagora na 1979 kuwa yana ɗauke da jadawalin da ake jefa dayis a kansa don a san wane nau'i daga cikin nau'o'i 12 na mata masu zaman kansu da kawalansu jarumai suka haɗu da shi a titin birni. An cire ƙaidin ƙarfin nan a bugu na biyu na 1989, amma ba'ar da ta biyo bayansa, ta cewa a rage wa mace makin ƙarfi, har yanzu tana yawo a bakin mutanen da ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da aka buga littafin.

Lokacin da masanin zamantakewa Gary Alan Fine ya wallafa bincikensa kan 'yan wasan a 1983, ya ƙiyasta cewa mata ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba. Alƙaluman da Wizards of the Coast, kamfanin da ya sayi TSR a 1997, ya fitar a wajajen 2020 sun nuna sun kai kusan kashi 40. Duk da haka kuskure ne a ɗauke su baƙi, kuma yana da kyau jagora ya riƙe wannan a ransa saboda ranar da wani zai ce wasan nan dama na maza ne. Lee Gold ta fara fitar da mujallarta ta masoya wasan tun 1975, Jean Wells ta shiga TSR a matsayin mai tsara wasa a 1979, Laura Hickman tana cikin mutum biyun da suka rubuta labarin wasan nan mai suna Ravenloft a 1983, Margaret Weis kuma tana cikin waɗanda suka rubuta littattafan Dragonlance daga 1984.

A kan wa dariyar ta sauka?

Wannan ita ce tambayar da jagora zai riƙa yi wa kansa a duk lokacin da tebur ya kaure da dariya, kuma ta fi amfani a kan tambayar ko maganar ta yi tsauri ko ba ta yi ba. Mafi daɗin barkwancin mayun wasa yana sauka ne a kan abubuwa uku: dayis, dokoki, da wautar jarumai. Idan jarumin da ya shafe rabin sa'a yana cika baki ya jefa dayis mai fuska 20 ya samu 1, takobinsa ya kuɓuce ya faɗa rijiya, dariyar ta sauka ne a kan sa'a, kuma kowa ya san gobe tana iya faɗowa kansa. Haka ake yi wa ɗan wasan nan mai zama lauyan dokoki tsiya, wanda zai tsayar da yaƙi don ya karanto shafi, ko ƙungiyar jaruman da aka aika ceton gari suka ƙare da ƙone shi. Akwai wani tsohon labari da 'yan wasa suke yawan bayarwa, na ɗan wasan da jagora ya ce masa ya hango rumfar shan iska a lambu, shi kuwa bai san sunan da aka kira ta da shi ba, ya ɗauka wani dodo ne, ya yi ta harbinta da kibiya har jagora ya gaji ya ce ta tashi ta cinye shi. Shekaru da dama ana ba da wannan labari, kuma mace da namiji duk dariya ɗaya suke yi, domin babu wanda aka taɓa saboda abin da aka halicce shi.

Ɗaya nau'in kuwa yana tsallake jarumar da ke kan takarda ya dira a kan macen da ke zaune a kujera. Misalinsa shi ne a kira sabuwar 'yar wasa da budurwar jagora, ana nufin ba don wasan ta zo ba kuma duk nasarar da ta samu alfarma ce aka yi mata. Misalinsa kuma shi ne a yi ta maimaita zancen sulken nan na zanen bangon tsofaffin littattafai, wanda ba ya rufe komai a jikin jaruma, duk lokacin da ta ce jarumarta ta sa sulke. Alamar gane shi ba ta da wuya: idan aka cire macen daga ɗakin aka sa namiji a kujerarta yana riƙe da jaruma iri ɗaya, shin ba'ar za ta yi ma'ana? Idan ba za ta yi ba, to ba jarumar ake yi wa ba.

A nan ne jagorori da yawa suke ruɗuwa, domin sukan ce ai ita ma ta yi dariya. A ganina dariyarta ba hujja ba ce. Mutumin da shi kaɗai ne irinsa a cikin mutum shida, kuma sabo ne, yana da zaɓi biyu kacal idan aka tsokane shi: ya dara a wuce wurin, ko ya ɗaure fuska a ce ba ya son wasa. Kusan kowa na farkon yake zaɓa. Abin da jagora zai duba shi ne abin da ya biyo baya, wato ko ta ci gaba da kawo shawara a cikin wasan ko ta koma jefa dayis kawai idan an kira sunanta, ko jarumarta tana ci gaba da magana ko ta zama kurma, ko kuma uzurorin rashin zuwa sun fara yawa. Da wuya 'yar wasa ta sanar da cewa ba'a ce ta kore ta. Abin da aka fi gani shi ne ta ce aiki ya yi mata yawa.

Kafin a jefa dayis na farko

Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa 'yan wasa suka ƙirƙiro zaman share fage, wanda ake yi kafin a fara labari, a tsara jarumai, a kuma amince da irin wasan da ake so. Wizards of the Coast ma ya shigar da bayaninsa cikin wani littafin ƙarin dokoki da ya fitar a 2020. A wannan zama jagora ya kawo maganar raha a fili kamar yadda zai kawo maganar ranar haɗuwa. Ya ce ana son dariya a teburin nan, amma tsokana ta tsaya a kan jarumai da dayis, jikin mutanen da ke zaune da aurensu da soyayyarsu ba abin wasa ba ne. Ya faɗi wannan a matsayin dokarsa ta jagora, kada ya ce saboda wance ta shigo ne, domin da zarar ya faɗi haka ya mayar da ita dalilin da ya sa aka rage wa kowa jin daɗi, kuma za ta ji wannan nauyin har ƙarshen labarin.

Akwai dabaru biyu da suka shahara waɗanda suka cancanci a yi amfani da su. Ta farko Ron Edwards ne ya bayyana ta a 2003, kuma ta raba abubuwa masu nauyi gida biyu: iyaka da labule. Abin da aka sa wa iyaka ba zai shigo labarin ba ko kaɗan, kamar fyaɗe, wanda ni dai ban ga teburin da ya ƙaru da shi ba. Abin da aka sa wa labule yana iya faruwa amma ba a bayyana shi, kamar jarumai biyu su shiga ɗaki jagora ya ce gari ya waye. Ya fi kyau kowa ya aiko wa jagora nasa a keɓe, shi kuma ya haɗa su ya karanta ba tare da sunan kowa ba, saboda mutane ba sa son a san su ne suka nemi a cire abu. Dabara ta biyu ita ce katin X na John Stavropoulos: kati ne da aka zana wa alamar X aka ajiye a tsakiyar tebur, duk wanda wani abu ya dame shi sai ya taɓa shi, a janye abin a ci gaba, ba tare da an tambaye shi dalili ba. Amfanin katin yana mutuwa idan babu mai taɓa shi sai mace, don haka jagora ya zama na farkon taɓawa a kan wani ƙaramin abu, ko da sunan wani gari ne da bai yi masa daɗi ba, don kowa ya ga ba abin kunya ba ne.

A wajen tsara jarumai ma akwai abin lura. Al'ada ce a tura sabuwar 'yar wasa ta riƙe mai warkarwa, da hujjar cewa ƙungiya tana buƙata, sai ta ƙare tana bin mazaje da magani suna cin suna. Idan ita ta zaɓa babu laifi, amma a fara nuna mata mayaƙi da ɓarawo da matsafi tukuna. Haka ayyukan da ke wajen labarin, kamar rubuta abin da ya faru a kowane zama da tuna wa mutane ranar haɗuwa, a riƙa karɓa-karɓa da su.

A tsakiyar wasa

Mafi yawan abin da yake rage wa mata armashin wasa ba ma ba'a ce ta fili ba, katse magana ne. 'Yar wasa za ta fara cewa jarumarta za ta duba ƙofar, wani ya cafe da barkwanci, a yi dariya, a manta da ita. Bayan minti biyu wani ya kawo shawarar duba ƙofar a ce ya yi basira. Maganin wannan yana hannun jagora, kuma ba ya buƙatar wa'azi. Ya bari dariyar ta lafa, sannan ya juya ya ce wance tana cikin magana, me jarumarki take yi a bakin ƙofar? Idan shawararta aka maimaita, ya mayar da ita ga mai ita a cikin labarin, ya ce tun da jarumar wance ce ta fara lura da ƙofar, ita za ta jefa dayis. A lokacin yaƙi dokoki sun riga sun tsara wanda zai bi wani, amma a lokacin hira da bincike babu tsari, mai ƙarfin murya ne yake cinye fili, saboda haka jagora ya riƙa zagayawa da tambaya yana kiran jarumai ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fi zama dole idan ta intanet ake wasan, a Discord ko Roll20, inda ba a ganin wanda ya buɗe baki zai yi magana.

Sai kuma tsohuwar ba'ar jarumi mawaƙin da yake neman duk macen da ya gani, wanda mai riƙe da shi zai ɗaga dayis ya ce zai jefa don ya yaudare ta. Jagora ya tuna cewa a dokokin bugu na biyar na 2014 shi ne yake kiran jifa, ba ɗan wasa ba, kuma samun 20 a gwajin fasaha ba ya tilasta nasara kamar yadda yake yi a kai hari. Saboda haka yana da ikon cewa sarauniyar ba ta da sha'awa, babu abin da za a jefa. Idan kuwa jarumar wata 'yar wasa ce ake nema, to dokar da nake ganin ta fi dacewa ita ce dayis ba ya aiki a kan jarumin wani ɗan wasa a sha'anin zuciya. Mai jarumar ce kaɗai take yanke abin da jarumarta take ji, kuma soyayya tsakanin jarumai biyu ba ta farawa sai masu su sun amince a wajen wasa. Wanda ya kare kansa da cewa ai halin jarumina ke nan, sai a tuna masa cewa shi ya zauna ya tsara halin, kuma yana iya sake shi.

Namiji ya riƙe jaruma mace, ko mace ta riƙe jarumi namiji, abu ne da aka saba tun farkon wasan, kuma shi kansa jagora dole ne ya yi magana da muryar kowa. Inda abin yake lalacewa shi ne idan jarumar ba ta da wani hali sai siririyar murya da rangwaɗa da zancen surar jikinta. Kafin a amince da irin wannan jaruma, jagora ya yi wa mai ita tambayoyin da zai yi wa kowa: me take nema a duniya, wa take tsoro, me ya raba ta da gida? Wanda ya zo da niyyar ba'a kawai yakan kasa amsawa, sai ko dai ya gina mata hali na gaske ko ya canza. Jagora kuma ya duba nasa mutanen. Idan duk matan da ke cikin duniyarsa masu kawo abinci ne a masauki, ko gimbiyoyin da aka sace, ko mayu masu yaudara, to shi ne ya shimfiɗa wa ba'ar tabarma. Hanya mai sauƙi ita ce ya rubuta matsayin mutum da halinsa tukuna, kwamandan dogarai ne ko maƙeri ko alƙali, sannan ya jefa dayis ya ga ko mace ce ko namiji.

Barkwancin cikin gida, wanda sai tsofaffin 'yan wasa suke ganewa, yana da nasa haɗarin, domin yakan koma jarrabawa. Za a ambaci wata tsohuwar doka ko wani layi daga fim a zuba wa sabuwar ido a ga ko ta gane, ko a tambaye ta wane bugu ta fara da shi, tambayar da ba a cika yi wa sabon namiji ba. Idan haka ta faru jagora ya ba da labarin da ke bayan barkwancin a taƙaice, ga kowa ba ga ita kaɗai ba, tun da sau da yawa rabin masu dariyar ma ba su san asalinsa ba. Abin da ya fi wannan shi ne tebur ya haifi nasa barkwancin daga abin da ya faru a gaban kowa, kamar dokin da ya fi ubangidansa sa'ar dayis, saboda a irin wannan babu tsoho babu sabo.

Idan ba'a ta wuce gona da iri, gyaran ya zama gajere kuma nan take. Jagora ya ce wannan ba ta shiga ba, mu koma kogon, sannan ya ci gaba da bayani ba tare da ya tsaya jiran amsa ba. Kada ya juya ya tambayi macen a gaban jama'a ko ta ji haushi, domin ya ɗora mata alƙalancin da nasa ne, kuma kowace amsa ta bayar ita za ta kwana a ciki. Kada kuma ya rama mata ta hanyar jefo wa jarumin mai laifin dutse daga sama. Hukunci a cikin labari a kan laifin da aka yi a wajen labari yana koya wa mutane cewa jagora yana da son zuciya, kuma yana ƙarfafa zancen alfarmar da ake son kashewa. Sauran maganar a yi ta bayan an tashi, tsakanin jagora da mai ba'ar su biyu, a kan abin da ya faɗa ba a kan irin mutumin da yake ba, tun da gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yawancin mutane sun gaji barkwancin ne ba tare da sun taɓa auna shi ba, kuma magana ɗaya takan ishe su. Wanda aka yi wa magana sau biyu ya koma, jagora yana da damar ce masa teburin nan ba nasa ba ne, ko da shi ya fi kowa sanin dokoki.

Akwai kuskuren da yake ɗaya gefen, kuma masu kyakkyawar niyya ne suke faɗa masa: mace ta shigo, tebur ya yi tsit, kowa yana tauna magana kafin ya furta, dodanni suna kauce wa jarumarta, ana ba ta haƙuri idan an yi ashar. Wannan ma wariya ce, domin an nuna mata cewa baƙuwa ce da ake jira ta tafi a saki jiki. Jarumarta ta faɗa rami kamar na kowa, a yi mata dariya idan ta jefa 1, a bar ta ita ma ta yi wa lauyan dokoki tsiya. Kada kuma a mayar da ita kakakin mata duka, ana tambayarta ko mace za ta yi kaza. Abin da jarumarta za ta yi kawai ta sani.

A ƙarshen kowane zama jagora ya ware minti biyar kowa ya faɗi abu ɗaya da ya burge shi da abu ɗaya da yake fatan gani a gaba. Bayan zama uku ko huɗu kuma ya aika wa kowane ɗan wasa, maza da mata, saƙo a keɓe da tambaya iri ɗaya: me ake so a ƙara, me ake so a rage? Idan amsa ta zo da ƙorafi a kan wani, ya gyara abin da bakinsa a zama na gaba a matsayin abin da shi ya lura da shi, ba tare da ya ambaci wanda ya kawo maganar ba.